Tabarmar da Inna Ta Rufe da Leda

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin. Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma ina aji shida a firamare. Ban je makaranta ba ranar, domin motar da za ta kai kayan ɗakin yayata Saratu zuwa Argungu tana tsaye a ƙofar gidanmu tun da sassafe, direban yana ta aiko yara su tambaya ko mun fasa auren ne. Kayan amarya an riga an ɗaure su a bayan mota. Amma a tsakar gida ga kayan ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, an fito da su kaf an zube a rana, katifu jingine da bango, kwanoni a gindin dogon yaro, ƙarafan gado a jikin rumbu, awaki suna zagayawa suna shinshina. Ba don a tafi da su aka fito da su ba. Abu ɗaya ake nema, yana can ƙasan komai, wato tabarmar da kakarmu ta saƙa da hannunta, wadda aka yi alkawari ita za a fara shimfiɗawa a ɗakin Yaya Saratu. Yayar Inna, Hajiya Kulu, wadda muke ce wa Innar Argungu, tana zaune a kan turmi a bakin ƙofa, ta yafa gyale tana kaɗa ƙafa. Inna kuwa tana can wajen murhu tana juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi, kamar ba ɗakinta ake kwashewa ba. Saura ledar da ke shimfiɗe a ƙasan ɗakin kawai a ɗaga, aka ce ni in kama gefe ɗaya, tunda ni ce na fi kowa sanin ɗakin, kuma ni ce na fi kowa gajiya da shi.

Gidanmu yana can gangaren gari, inda ƙasa ta fara sauka zuwa fadama, a hanyar da manoma ke bi zuwa wajen Zauro. Baba manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani, kuma kusan duk abin da ya samu gona yake komawa. Wanda ya ga ɗakin Inna daga waje, ginin ƙasa da rufin kwano mai tsatsa, ba zai ce akwai abin kirki a ciki ba. Sai ka ɗaga asabari, ka ɗaga labule mai kauri, ka sake ɗaga wani mai shara-shara, sannan ka gane matar nan ba ta yarda da abu ɗaya tilo ba. Komai nata sai an ɗora wani a kan wani. A ƙasa akwai daɓe yana sheƙi saboda makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sai tabarmar Kaka, sai tabarmar kaba ta yau da gobe, sai dardumar da Innar Argungu ta kawo mata tsaraba daga Makka, sai buzun salla a kusurwa. Gadon na ƙarfe ne mai rumfa, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo. A kansa akwai katifar rimi ta aurenta, da katifar soso da aka saya daga baya, da bargo, da luru, da zanen gado mai furanni, sannan wani ɗan farin zane na kwarashi a tsakiya. Matasan kai manya a baya, ƙanana a gaba, kowanne da rigarsa. Tudun gadon ya kai sai an taka kujera ake hawa, kuma ba mai hawan sai baƙo. Ita mai gadon a ƙasa take kwana tare da mu.

Jikin bango kuwa jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Kwalla a ƙasa, fanteka a kanta, samira a kan fanteka, langa a kan samira, a haka har zuwa ɗan ƙaramin kwanon da ko kunun jariri ba zai ɗauka ba. Tasoshi suna gefe, an kafa faya-fayai masu rini a bayansu don kada a ga bango. Ba mu taɓa cin tuwo a ko ɗaya daga cikinsu ba, namu kwanonin na cin abinci suna waje duk sun lotse. Inna ba ta da wani ilimin tsara ɗaki sai na idonta, amma matan unguwa sukan zo su leƙa idan za su yi wa 'ya'yansu jere. Dokarta ita ce mai duhu a ƙasa, mai haske a sama, mai kaushi a ƙasa, mai laushi a sama, kuma kowanne a bar bakinsa ya leƙo kaɗan don a san yana nan. Idan na yi ƙorafi takan ce, "Ɗaki awa mutum na, Luba, ba a barin shi tsirara." Idan kuma na ce to ga sabo ya zo, a cire tsohon mana mu huta, sai ta ce, "Ba a ɗebe na ƙasa don an samu na bisa." Da wannan magana ta biyu aka cinye mini rabin ƙuruciya.

Domin duk wannan kaya ba zama yake yi ba. Kowace Alhamis, ranar da babu makarantar allo, sai an fitar da shi an mayar. Yaya Saratu tana Argungu wurin riƙo, yayyena maza suna gona, saboda haka aikin ya faɗo kaina. In dawo daga boko, inda tun da safe mun share fili da tsintsiyar da kowa ya zo da ita daga gida, mun ɗebo wa malamai ruwa, in kurɓi fura a tsaye, in fara. A fitar da kwanoni a wanke da toka, a goge tasoshi da jiƙaƙƙiyar tsamiya har fatar yatsuna ta yamutse. A jawo katifu a bubbuge su da sanda, a naɗe tabarmi a shanya. A share daɓe, a toshe duk wani ɗan ramin da tururuwa ko gara ta fara, a yayyafa ruwan makuba, a jira ya sha iska, sannan a mayar da komai yadda yake. Ina ciki ina jin ƙawayena a ƙofar gida suna carafke, suna kirana in zo in rama cin da aka yi mini jiya, ba hali. Idan furen langa ɗaya ya kalli bango maimakon ƙofa, Inna daga waje za ta hango. Lokacin da shinkafa ta fara nuna kuma, ga korar tsuntsu a fadama kafin a buga ƙararrawar makaranta, da gwangwani da tsakuwa a ciki, laka har ƙauri, sauro yana cin rabonsa. Nakan kwanta ranar Alhamis bayana kamar an daka ni a turmi. Na sha rantsuwa a zuciyata cewa idan na girma ɗakina tabarma ɗaya ce da buta.

Tabarmar Kaka kaɗai ce ba ni nake taɓawa ba. Inna da kanta take naɗe ta, ta kai ta inuwa, ta goge da tsumma. Farar kaba ce mai laushi, da ratsin ja da baƙi, saƙar ta matsu har ba ka ganin rami. Kaka ta saƙa ta a Argungu a shekarunta na ƙarshe, ido ya fara tafiya, shi ya sa a kusurwa ɗaya ratsin jan ya kauce hanya ya shiga cikin baƙin. Ita ba ta gani ba, ba kuma wanda ya iya gaya mata. Ni ban san Kaka ba, ta rasu ina goye. Abin da ta bari na aikin hannunta ke nan, sauran ƙorai ne da tsofaffin zannuwa. Ga 'ya'ya mata biyu, ga tabarma ɗaya. A bisa girma ta Innar Argungu ce, amma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta bar wa ƙanwarta bisa sharaɗi. Na ji sharaɗin nan har na haddace, domin duk zuwan da za ta yi sai ta maimaita shi: "Ki riƙe ta, Hassi. Amma rad da ɗiyag ga za ta shiga ɗakinta, tabarma ta komo Argungu." A dangin su Inna haka ake yi, shimfiɗar farko a ɗakin amarya daga ɗakin uwarta take fitowa, sauran duk a kanta ake ɗorawa.

Yaya Saratu ce 'yar fari, Inna kuwa mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Tun da aka yaye ta aka kai ta Argungu. Idan ta zo hutu Inna ba ta kallonta ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta tambayarta ko ta ƙoshi. Sunanta kuwa ban taɓa ji a bakinta ba, kullum "ta Argungu" ce. Idan Inna ta dafa wani abu mai daɗi ni take ba in kai wa Yaya, ta ce in ce saura ne. Ni da ake kwala wa kira tun safe har dare, har sunana ya gundure ni, gani nake Yaya ce ta more. Sai da na girma na gane shirun da take yi idan an kira ni. Duk abin da uwa ke yi wa 'yarta a fili al'ada ta hana Inna, sai tabarmar nan. Ita kaɗai za ta iya bayarwa a gaban mutane ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Shi ya sa take lallaɓa ta haka, kuma shi ya sa duk Alhamis take duba bakinta tana tsaki, don ta ga ya fara zarewa saboda yawan naɗi da shimfiɗa.

Ina aji uku leda ta shigo gidanmu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya mutuniyar Filato, Maman Rifkatu, da ke sayen gumin shinkafa wurin Inna, har suka saba. Wata rana muka kai mata shinkafa gidanta a kwatas ɗin ma'aikata, Inna ta ga falonta shimfiɗe da leda mai zanen kore da fari. Muna zaune yaro ya zubar da shayi, aka sa tsumma aka goge, shi ke nan. Bayan an sayar da albasa sai ga Baba da naɗin leda a bayan keke. Ba don ado kaɗai Inna ta so ta ba. Tunaninta shi ne idan aka shimfiɗa tabarmar Kaka aka rufe ta da leda, ba ƙafa, ba ruwa, ba naɗi, za ta zauna yadda take har ranar da ake jira. Haka kuwa aka yi. Aka shimfiɗa ta a kan daɓe, aka rufe, aka danne gefuna da gado da akwatuna da kwallaye, aka mayar da tabarmar kaba da darduma a sama. Ba wanda ya tuna cewa ledar Maman Rifkatu a kan siminti take, a kan tudu, tamu kuwa a kan ƙasar da idan ka ɗan tona da damina za ka ga ruwa. Ita ma Maman Rifkatu da ta zo gani yabawa ta yi da zuciya ɗaya. Ni kuwa ranar har rawa na taka, don an ɗauke mini sharar daɓe da yayyafa makuba, aikin Alhamis ya tsaya a kan leda.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Idan ruwa ya yi yawa, fadama ta cika har ana hango kwalekwale daga bayan gidanmu, ɗakin yakan yi wani wari na danshi. Sai Inna ta ƙara turaren wuta, ta saka kasko biyu maimakon ɗaya, wato shi ma warin ɗora masa wani aka yi a kai. Bayan ruwan farko shinge yakan fito ta gindin bango, mu tara a kwano mu soya, ba wanda ya tambaya daga ina yake fitowa. Ƙasan ɗakin ma ya ƙara laushi, har baƙi suna cewa kamar a kan katifa ake tafiya, Inna tana jin daɗi. Da aka sa ranar auren Yaya Saratu da wani malamin makaranta ɗan Argungu, wanda ita da kanta ta ce shi take so, ta dawo gida don a yi biki a gidan ubanta. Innar Argungu ta yi ta aiko da saƙo a fito da tabarma ta sha iska. Inna ta ƙi, ba don komai ba sai don kada a ce tana rawar jiki da auren 'yar fari. A haka har ranar kai kaya ta zo, alhali kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

To, na kama gefe ɗaya, wata ƙanwar Baba ta kama ɗayan, muka ja. Da farko ledar ta ƙi tasowa, ta manne, sai da muka sa ƙarfi ta ɗago da wata ƙara kamar ana yage tsohon zane. Wari ya bugo mu. Babu tabarma a ƙasa. Jar laka ce shimfiɗe, an yi mata hanyoyi-hanyoyi, gara fara fat tana ta gudu tana neman duhu. Nan da can akwai ɗan guntun kaba, idan ka taɓa ya zama gari. Na durƙusa ina tonawa da yatsa ko zan sami wani yanki ko da mai faɗin tafin hannu ne, ban samu ba. Daɓen da na sha wahalar yayyafa wa makuba shi ma duk ya zama ramuka. Muka ja ledar waje muka kifar da ita a rana. Innar Argungu ta tashi daga kan turmi ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta kira ƙanwarta.

Inna ta zo da ludayi a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda take tsayawa ta hango langar da ta karkace. "Hassi, mi kinka yi?" in ji Innar Argungu. "Kin ɓoye ma mutane, kin ba gara." Inna ta ce, "Don kat ta tsuhwa niy yi." Daga nan ta zauna a dokin ƙofa, a ƙasa, ita da ba ta zama sai an shimfiɗa abu biyu. Ba ta yi kuka ba, ni dai ban ga hawaye ba. Gajiya na gani, irin wadda ban taɓa zaton tana yi ba, domin a zatona ni kaɗai ɗakin nan yake gajiyarwa. Matan da suka zo biki suka taru a bayanmu, wasu suna salati, wasu suna cewa a aika kasuwa a sayo sabuwa, ai tabarma ba ta ƙare a duniya ba. Inna ba ta ma ji su ba. Ta dubi yayarta, a gaban ƙannen miji da maƙwabta da kowa, ta ce, "To Yaya, mi za ni ba Saratu?"

Wata tsohuwa ta rufe baki da gyale. Ni kaina sai da na waiwaya in ga wa ya yi maganar, don sunan ya fito wani iri a bakinta. Innar Argungu, wadda na sani da faɗa, har ta ja numfashi za ta ci gaba, sai ta mayar da maganar ciki. Ta juya ta bar ƙofar don kada ta kalli ƙanwarta, idonta ya sauka a kan ledar da ke kife a rana. Lakar da ke jikinta ta fara bushewa tana zuba. Ta sunkuya ta share da gefen hannu, ta ƙara sharewa. Ashe danshi da nauyin kaya sun buga tabarmar a bayan ledar. Saƙar ta fito sarai, rinin ja da baƙi ya zauna a kai, har kusurwar nan da jan ya kauce ya shiga baƙi tana nan. Ta ce in kawo almakashi. Ta yanke daidai faɗin tabarmar, ta sa na goge a hankali da tsumma mai ɗan ruwa, ta naɗe da kanta, ta miƙa wa Inna. "Karɓi ki ba ni da hannunki," ta ce. Inna ta karɓa, ta riƙe ɗan lokaci, ta mayar mata. Direba ya sake aiko yaro.

Uwa ba ta zuwa jeren 'yarta, saboda haka Inna ta tsaya gida cikin kayanta da ke zube, ni kuma aka tafi da ni don na iya aikin. A bayan mota muka zauna a kan katifar amarya, muka bi ta Ambursa, rana tana dukanmu, hanya tana jijjiga mu, mutane suna ta bugun shinkafa a gonaki. Ni dai barci nake ji. Ɗakin amarya a Argungu na siminti ne, ba nisa da gulbi, ana jiyo hayaƙin bandar kifi daga maƙwabta. Dangin ango mata sun cika ƙofa don su ga abin da aka kawo daga Birnin Kebbi. Innar Argungu ta yi bisimilla, ta warware guntuwar ledar, ta shimfiɗa ta a tsakiyar ɗaki bayanta yana sama. Wata daga cikinsu ta kasa haƙuri ta ce, "Hajiya, wagga tsohuwal leda hwa?" Ta amsa ba tare da ta ɗago ba, "Tabarmar uwammu ta. Ku miƙo man wadda za a aza bisa." Muka ɗora sabuwar tabarma, muka ɗora darduma, muka haɗa gado, muka tayar da jere, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. Aka bar bakin ledar ya leƙo kaɗan ta wajen ƙofa, yadda Inna za ta so. Sai la'asar sakaliya muka gama, kafaɗuna duk sun yi tsami.

Da na dawo na tarar an kira mata sun sake daɓe, Baba ya zuba toka da magani a ramukan. Sauran ledar aka rufe akurkin kaji da ita. Aikin Alhamis ya dawo mini cif, har da makuba, kuma ban ƙara cewa a cire tsoho ba. Gajiyar tana nan, sai dai na ga ba ni kaɗai ke yin ta ba. Amma ɗakin bai koma yadda yake ba. Inna ta ci gaba da jera kayanta, sai dai idan langa ta kalli bango takan bar ta a haka. Da aurena ya zo ta ba ni tabarmar kaba ta yau da gobe da rabin kwanonin, matan yayyena suka sami saura. Katifar rimi ta mutu, luru ya yage, kowace shekara wani abu ya fita ba a mayar da gurbinsa ba. Sunan Yaya kuwa ya koma inda ya fito, har Inna ta bar duniya "ta Argungu" ce. Ranar da ta rasu, abin da ke ɗakin tabarma ɗaya ce da buta da buzun salla, daidai ɗakin da na yi ta rantsuwa zan yi wa kaina. Da na gan shi ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

A zaman makokin ne, ni da Yaya Saratu muna tsintar shinkafar sadaka, na tambaye ta labarin ledar. Ta ce tana nan, ta bushe ta kakkarye, zanen ya kusa shafewa, amma duk Alhamis tana ɗaga shimfiɗa ta duba ta. Na ce kaico da tabarmar, da ba a rufe ta ba da yanzu tana ɗakin 'yarta. Ta ci gaba da fitar da tsakuwa. Ashe ranar nan, da aka ce amarya tana gidan maƙwabta cikin lalle, dangar kara ce kawai tsakaninta da tsakar gidanmu. "Ina bayan danga, Luba," ta ce. "Na ji." Ta turo faifan gabana, ta ƙara da cewa, "Tabarma ko an kawo man ita lahiya, da yanzu ta mutu. Wancan ko har gobe ina jin shi."

Yau Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha, unguwarmu ta gangare duk bulo ce da siminti, ban san yarinyar da ta san warin makuba ba. Gidana tayil ne tun daga ƙofa har kicin, kujeru da labule ɗaya, a goge a wuce, na cika alkawarin da na yi wa bayana. Sai ga shi kwanan baya 'yata ta fari, wadda ke shirin nata ɗakin, ta zo ta zauna kusa da ni da waya tana nuna mini hotuna, ƙaramin kafet a kan babba, bargo a gicciye a kan zanen gado, filo a gaban filo, labule biyu a taga ɗaya. Wai sabon yayi ne, har koyar da shi ake yi. Na kalla har idona ya gaji. Kyau kam akwai, amma duk rana ɗaya za a sayo su a shago ɗaya, na ƙasa bai girmi na sama ba, ba kuma wanda aka san hannun da ya yi shi. Ta tambaye ni me zan ba ta ta fara shimfiɗawa, da wasa ta yi tambayar, don ta sha jin labarin. Tabarmar kabar da Inna ta ba ni ta daɗe da mutuwa a ƙarƙashin ƙafafun yara. Na duba ɗakina ban ga abin da ya isa a kira na ƙasa ba. Sai na kira sunanta cikakke, yadda aka raɗa mata. Ta ɗago tana mamaki, don ni ma 'yar Inna ce, ba ta saba jin sa a bakina ba. Na ce ba komai, ta ci gaba da nuna mini. Na dai gane abin da aka rufe don kada ya tsufa, gara aka ajiye wa.